LAFIYA UWAR JIKI: Awon Zuciya A Asibiti, Me Ake Nema?

A watan jiya mun yi bayani a kan hawan jini, har muka ce likita yakan tura mai shi a auna zuciyarsa. To, tun daga nan tambayoyi suka yi ta zuwa. Wani ya ce an rubuta masa haruffa uku a takarda, ECG, sai ya kai gida ya ajiye, don ya ji an ce lantarki ake jona wa mutum. Wata baiwar Allah ta ce an yi mata, an ce lafiya lau, amma har yanzu in ta hau bene sai haki. Wani dattijo kuma yana so ya san dalilin da ya sa bayan ya biya kuɗin wannan awo aka sake cewa ya je a ɗauki hoton zuciyar. Matambayi ba ya ɓata, saboda haka yau su za mu amsa.

Maganar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane wajen miliyan 17.9 ne cututtukan zuciya da jijiyoyin jini suka kashe, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace a ƙasashe marasa ƙarfi da masu tasowa suka auku. Wato zancen da ake yi cewa ciwon zuciya na Turawa ne da masu kuɗi ya daɗe da faɗuwa.

WUTAR DA KE CIKIN ZUCIYA

Zuciya tsoka ce da girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, da ƙofofi huɗu masu buɗewa da rufewa don kada jini ya koma baya. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗauko iska, na hagu kuma yana tura shi zuwa sauran jiki. A jikin babban mutum da ke hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda, wato kusan sau 100,000 ke nan tsakanin yini da kwana.

To, wa ke ba ta umurnin bugawa? A saman ɗakin dama na sama akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta da Allah Ya hore wa haifar da 'yar wuta irin ta lantarki. Wannan wuta tana bazuwa cikin ɗakunan sama sai su matse, su zuba jini a na ƙasa. Daga nan sai ta isa wata mahaɗa a tsakiyar zuciya, ta ɗan dakata don ɗakunan ƙasa su cika, sannan ta gangara ta wasu hanyoyi kamar wayoyi, sai ɗakunan ƙasa su matse su harba jini. Bugu ɗaya ke nan.

Da yake jikin ɗan Adam cike yake da ruwa mai gishiri, wannan wuta tana isowa har kan fata, sai dai ta yi rauni ƙwarai. Ƙarfinta a fata wajen kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt guda, alhali batirin tocila ɗaya yana da bolt ɗaya da rabi. Aikin na'urar isiji shi ne ta saurari wannan 'yar wuta, ta ƙara mata ƙarfi, ta zana ta a takarda. Saboda haka mai tsoron a jona masa lantarki ya kwantar da hankalinsa. Na'urar ba ta sa kome a jiki. Daga jikinka wutar take fitowa ta shiga na'urar.

ASALIN NA'URAR

A shekarar 1887 wani likita a Landan mai suna Augustus Waller ya fara ɗaukar wutar zuciyar mutum daga kan fata. Amma wanda ya mai da abin ya zama kayan aikin likita shi ne Willem Einthoven na birnin Leiden a ƙasar Holan, a farkon shekarun 1900. Na'urarsa ta kai nauyin kilo 270, sai mutum biyar sun taru ake sarrafa ta, shi kuma wanda ake aunawa sai ya tsoma hannuwansa biyu da ƙafa ɗaya cikin bokitan ruwan gishiri. Wannan aiki ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a shekarar 1924. Yau ga ta nan ta koma abin da ma'aikaciyar jinya za ta turo a kan ɗan keke, wata ma a saɓa a jaka.

YADDA AKE YIN AWON

Za a ce ka kwanta rigingine, ka buɗe ƙirji da wuyan hannu da idon sawu. Sai a manna maka 'yan maɓallai goma: huɗu a hannuwa da ƙafafu, shida a ƙirji, daga gefen ƙashin tsakiya zuwa ƙarƙashin hammatar hagu. Da waɗannan goma na'urar take duban zuciya ta fuska goma sha biyu, kamar yadda mai sayen rago yakan zagaya shi ta gaba da baya da gefe kafin ya taya. Ɗaukar kanta daƙiƙa goma ce ko makamancin haka, shirin ne ke cin 'yan mintoci. Babu allura, babu zafi, kuma mai ciki da jariri duk ana yi musu.

Ga abin da ake so daga gare ka. Ranar awon kada ka shafa man kaɗe ko basilin a ƙirji da hannuwa, domin maɓallan ba za su kama ba. Mai gashin ƙirji da yawa ya yi haƙuri in an ɗan aske wurin. Agogo da sarƙa da laya da guru a cire ko a kawar da su gefe. In an fara, ka saki jiki, ban da magana da motsi, domin sauran tsokokin jiki su ma suna da tasu wutar, in suka motsa sai zanen ya cuɗe. Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata kuma, kuna da damar ku nemi mace ta yi muku, a kuma lulluɓe ku da zane bayan an manna maɓallan. Kunya ado ce, amma kada ta hana neman lafiya.

ME TAKARDAR KE FAƊA?

Takardar tana da ƙananan gidaje kamar littafin lissafi, tana kuma tafiya milimita 25 a kowace daƙiƙa, don haka manyan gidaje biyar daƙiƙa ɗaya ke nan. Kowane bugu yana barin alamu da Einthoven ya raɗa wa suna da haruffa. Ɗan tudun farko, P, shi ne wucewar wuta a ɗakunan sama. Tsinin da ke biye, QRS, shi ne wucewarta a ɗakunan ƙasa. Tudun ƙarshe, T, shi ne lokacin da ɗakunan ƙasa suke sake shiri don bugu na gaba. In likita ya ga manyan gidaje huɗu tsakanin tsini da tsini, sai ya raba 300 gida huɗu, ya san zuciya tana bugawa sau 75 a minti.

Daga wannan zane yakan gane abubuwa da dama. Na farko, ko bugun yana tafiya daidai ko ya rikice. Akwai wani rikicewar bugu da ke yawaita ga tsofaffi da masu hawan jini, inda ɗakunan sama suke karkarwa maimakon su matse. Jini yakan kwanta a ciki ya yi guda, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya toshe jijiya, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Mai wannan matsala haɗarin shanyewar jikinsa ya ninka na sauran mutane wajen sau biyar, kuma akwai maganin tsinka jini da ke rage haɗarin ƙwarai in an gano da wuri.

Na biyu, ko wutar tana tsayawa a hanya, har bugun ya sauko 40 ko ƙasa da haka, mutum ya riƙa jiri yana suma. Irin wannan akan dasa masa 'yar na'ura mai batir a ƙarƙashin fatar ƙirji ta riƙa ba zuciya umurni. Na uku, ko tsokar ta yi kauri saboda shekarun da ta yi tana kokawa da hawan jini. Na huɗu, ko wata jijiya da ke ciyar da zuciyar kanta ta toshe, yanzu ko a can baya. Har hawa ko saukar sinadarin fotasiyam a jini, wanda ke damun masu ciwon ƙoda, yakan nuna a takardar.

Sai dai a kula. Na'urorin zamani sukan buga nasu ra'ayin a saman takarda, wani lokaci su rubuta cewa akwai matsala. Wannan ba hukunci ba ne. Akwai siffofin zane da ake yawan gani ga lafiyayyun samari baƙar fata da masu motsa jiki, waɗanda na'ura kan ɗauka ciwo ne. Kada ka kai takardarka wurin maƙwabci mai jin Turanci ya karanta maka ka kwana da fargaba. Likitan da ya saurari kokenka ya duba jikinka shi zai fassara ta.

ABIN DA ISIJI BA YA GANI

Yanzu mu zo kan baiwar Allah da aka ce mata lafiya lau amma tana haki. Isiji wuta yake aunawa, ta daƙiƙa goma kacal, kina kwance kina hutawa. Ba ya nuna ƙarfin da zuciya take matsewa da shi, ba ya ganin ƙofar da ke yoyo, kuma matsalar da ke zuwa ta tafi za ta iya ɓuya a wannan lokaci. Saboda haka kyawun takarda bai kore ciwo ba, ki koma ki gaya wa likita hakin yana nan. Wannan kuma ita ce amsar dattijonmu: kowane awo da tambayar da yake amsawa.

Hoton zuciya, wanda ake kira eko, irin na'urar da ake duba cikin mata ce, da sauti take aiki. Wasu masana biyu a birnin Lund na ƙasar Suwidin, Inge Edler da Hellmuth Hertz, su suka fara gwada ta a kan zuciya a shekarar 1953. Ana shafa wani ruwa mai yauƙi a ƙirji a ɗora kan na'urar, sai ga zuciya tana motsi a allo. A nan ake ganin girman ɗakuna da kaurin bango, da ƙofar da ta tsuke ko take yoyo, da ruwan da ya taru a kewaye. Lafiyayyar zuciya tana fitar da fiye da rabin jinin da ke babban ɗakinta na hagu a kowane bugu. In ya sauko zuwa kashi 40 cikin ɗari ko ƙasa, an san ta gaza.

Hoton ƙirji na eksire yana nuna inuwar zuciya. In faɗinta ya wuce rabin faɗin ƙirji, akwai alamar ta kumbura. Yana kuma nuna ruwa a huhu, ko tarin fuka, wanda shi ma yakan kawo haki.

Mai faɗuwar gaba da ke zuwa jefi-jefi, akan rataya masa 'yar na'ura mai suna Holter, sunan Ba'amurken da ya ƙirƙiro ta. Zai tafi gida da ita awa 24 ko 48, ya yi harkokinsa, ya rubuta lokacin da ya ji abin, sai likita ya gwada da abin da na'urar ta ɗauka. Wanda kuma ƙirjinsa ke ciwo sai in yana tafiya ko ya ɗauki kaya, akan sa shi tafiya a kan injin mai bel da wayoyin isiji a jikinsa, ana ƙara sauri da tudu duk bayan minti uku, don a ga yadda zuciyar za ta yi in aiki ya yi mata yawa.

Akwai kuma awon jini. In tsokar zuciya ta ji rauni tana sakin wani sinadari mai suna turofonin, shi ake nema a jinin wanda ya zo da ciwon ƙirji, akan kuma maimaita bayan 'yan sa'o'i. Haka nan akan auna sukari da kitsen jini da aikin ƙoda da ƙarancin jini. Na ƙarshe, in ana zaton toshewa, akan zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta matse-matsi har bakin jijiyoyin zuciya, a zuba wani ruwa da ke fitowa a hoto. In an ga wurin da ya tsuke, ana iya buɗe shi nan take.

MASU JEGO, YARA DA 'YAN ƘWALLO

Akwai wata gazawar zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko cikin watannin bayan haihuwa, kuma ƙasar Hausa tana cikin inda aka fi samunta a duniya. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun yi rubutu a kanta, suka danganta ta da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin Nijeriya, wanda aka buga a 2020, ya nuna rama da rashin abin hannu da hawan jinin lokacin ciki sun fi waɗannan al'adu alaƙa da ciwon. Duk da haka kanwa danginsu ɗaya da gishiri, tana tara ruwa a jiki, don haka mai hawan jini ko kumburi ta bar ta. Iyaye da kakanni masu kula da jego, in kun ga ƙafafun maijego sun kumbura, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, kada a ce gajiyar haihuwa ce. A kai ta asibiti a yi mata isiji da eko. Da yawa suna samun sauƙi da magani.

Yara kuma, ciwon maƙogwaro da zazzaɓi da ba a yi wa magani ba yakan koma ciwon gaɓoɓi, daga baya ya lalata ƙofofin zuciya. Yaron da ke saurin gajiya a wasa, ko likita ya ji wani sauti a ƙirjinsa, eko ne zai nuna halin da ƙofofin ke ciki, kuma allurar fenisilin duk bayan mako uku ko huɗu tana hana abin ci gaba.

Samarin zango masu burin ƙwallo su ma su saurara. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a fili a birnin Lyon na Faransa ranar 26 ga Yuni 2003, bincike ya nuna kaurin tsokar zuciya ne, ciwon da galibi gadonsa ake yi. Ɗan ƙasar nan Raphael Dwamena kuwa, awon da ƙungiyar Brighton ta Ingila ta yi masa a 2017 shi ya nuna matsalar zuciyarsa, ya kuma rasu bayan ya faɗi a fili a Albaniya ranar 11 ga Nuwamba 2023. Dukansu shekararsu 28. Yaron da ya taɓa suma yana cikin gudu, ko aka taɓa yin mutuwar fuju'a ta matashi a danginsu, a auna shi kafin ya koma fili.

RANAR DA BA A JIRA

In mutum ya ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora masa buhu, ya wuce 'yan mintoci, ko yana tafiya zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, ga gumi da tashin zuciya ko ɗaukewar numfashi, to a kira 112 ko a sa shi a mota zuwa babban asibiti mafi kusa. Kada a tsaya jiƙa magani, kada a ce olsa ce a je kemis. Masu ciwon sukari da mata da tsofaffi wani lokaci ba sa jin ciwon sosai, sai kasala da haki kawai. Ƙa'idar likitoci ita ce a yi wa mai irin wannan ciwon ƙirji isiji cikin minti goma da isowarsa, domin tsokar da jini ya yanke mata tana fara mutuwa cikin ƙasa da sa'a guda, wadda ta mutu kuwa ba ta dawowa. In na farko bai nuna kome ba aka ce ka dakata a sake, ka dakata.

INA ZA A DOSA?

Ana samun isiji a manyan asibitocin gwamnati da na kuɗi da yawa. In abin ya fi ƙarfinsu sukan tura mutum Komfo Anokye a Kumasi, ko asibitin koyarwa na Tamale, ko Korle Bu a Ankara. A Korle Bu ne Farfesa Charles Easmon ya yi aikin buɗe zuciya na farko a ƙasar nan a 1964, a nan ne kuma Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa cibiyar aikin zuciya ta ƙasa a 1989. Ka sabunta katin inshorar lafiyarka tun kana lafiya, ta wayar hannu ma ana yi da lambar *929#, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ba kowane awo katin yake biya ba, saboda haka ka tambayi kuɗin tun farko ka yi shiri.

In za ka ga likita, ka tafi da duk magungunan da kake sha, har da na gargajiya da na ƙarfin maza, ka kuma faɗi gaskiyar goro da shayi da taba, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Tsohuwar takardar isiji kada a ƙunshe ƙosai da ita. A adana ta nesa da rana, a kuma ɗauki hotonta, don zanen yana dushewa, likita kuwa yana son ya gwada ta jiya da ta yau. Maniyyata aikin Hajji masu shekaru ko masu hawan jini da sukari, su nemi a duba zuciyarsu watanni kafin tashi, domin ɗawafi da sa'ayi da tafiyar jifa a cikin zafi aiki ne ba ƙarami ba.

A wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba gishiri da dunƙulen miya da busasshen kifi mai gishiri a girkinmu, da yadda za a sauko da su zuwa ƙaramin cokali ɗaya a yini ba tare da miya ta yi lami ba. A ci gaba da aiko da tambayoyi ta ofishin edita. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma Ya ƙara mana lafiya mai amfani, amin.